Sisin Gwal ɗin Inna Zuliha

Sallama gare ku, masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce halan amarci ne ya ɓoye ni tun ba a ɗaura ba. Ba amarci ba ne 'yar uwa, gajiya ce, irin wadda za ki kwanta da ita ki tashi ki tarar tana jiranki a bakin gado. Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Ulfa, a Kankiya nake, shekarata ashirin da takwas, ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini da ke bakin titi. An sa ranar aurena da Mudassir, wani malamin Islamiyya ɗan Kusada, saura sati uku a ɗaura. Abin da zan ba ku yau, in ya fita daga bakina a gida, auren nan zai iya watsewa. Shi ya sa na kawo shi nan, inda ba wanda ya san fuskata.

Ina da wata ɗabi'a da ba ta da farin jini a gidanmu. Tsofaffin kuɗi nake tarawa, anini da ɗari da kwabo mai huda da taro da sisi da sule, irin waɗanda kakanninmu suka yi cefane da su. Kuma ba tarawar kaɗai ba, hotonsu nake ɗauka ta cikin madubin likita. Ba babba irin na wurin aikinmu ba, wani ɗan ƙarami ne da bai fi tocila ba, yana tsaye bisa ƙafar ƙarfe, da ƙananan fitilu kewaye da bakinsa, da igiyar da nake jonawa a wayata. Abin da nake farauta shi ne kuskuren bugu. Shi kuɗi buga shi ake yi tsakanin ƙarafa biyu masu zane. Wani lokaci ƙarfen ya tsage, sai ya bar siririn layi kamar silin gashi a fuskar kwabon. Wani harafinsa ya fito biyu-biyu, wani kuma hudarsa ta kauce daga tsakiya. Idan na samu irin wannan sai in yini ina murna, in ɗauki hoto in tura wani zaure da muke da shi a waya na masu irin ciwona.

Umma, mahaifiyata, ba ta taɓa ganin amfanin abin ba. "Duniya na neman sabon kuɗi, ke kina neman aibin tsoho," haka take cewa kullum ta leƙo ɗakina ta gan ni a duƙe.

Kuma in za a bi gaskiya tana da hujja. Shekara biyu da suka wuce wani Dawuda, mai shagon taya, ya nemi aurena har magana ta yi nisa. Ya kawo mini zobe ya ce azurfa ce daga Dubai. Ni da hannuna mai ƙaiƙayi na sa zoben a madubi, washegari da ya zo zance na ce masa an cuce shi, dalma ce aka yi wa wanka. Wallahi don kada ya koma shagon na faɗa. Bai koma shagon ba, bai kuma dawo gidanmu ba. Tun daga nan sunana ya zaga dangi, Ulfa mai bin diddigi, wadda ko ruwa aka ba ta sai ta leƙa cikinsa. Ƙanwata Rukayya ta yi aure ta haifi biyu, ni ina nan da aninaina, Umma kuma ta daina zuwa biki da wuri don kada a tare ta da tambaya.

Shi Mudassir aninan ne suka haɗa mu. Gwaggo Luba, ƙanwar babanmu, a Kusada take aure, katangarsu ɗaya da gidan malamai. Ita ta ce mini akwai wata tsohuwa a gidan, Inna Zuliha, da ke da kwalla guda cike da kuɗin da. Na je, tsohuwa ta zazzage mini su bisa tabarma tana dariya, wai yau ta ga wadda ta zo neman abin da ko kaji ba su ci. Ina durƙushe ina tsinta jikanta ya yi sallama ya shigo gaishe ta. Na zata zai yi irin dariyar da kowa ke yi. Sai ya nemi in nuna masa hoto ɗaya a wayata, ya daɗe yana kallon wani anini mai tsagewa, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe har ƙarfe yana da tabo." Tun daga ranar na san na kamu, ba sai na ɓoye muku ba.

To, a gidan nan akwai wani abu da kowa ya san labarinsa, har yaran makarantar allo. Marigayi Malam Mudassiru, mijin Inna, ya tafi Makka tun yana saurayi, rabi a ƙasa rabi a bayan mota. Ya tsaya Sudan shekara biyu yana tsinkar auduga, da gumin nan ya sayo sisin gwal guda ɗaya, ya dawo ya ba da shi sadakin Inna Zuliha. Shekara sittin yana ajiye a ɗakinta. Da aka sa ranarmu sai ta tara 'ya'yanta ta ce ta ba mai sunan Malam, wato Mudassir, haka take kiransa, shi ne zai zama sadakin matarsa. Ranar da labari ya iso Kankiya, Umma har guɗa ta yi a tsakar gida, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Kafin magariba duk unguwa ta san da sisin gwal za a ɗauki Ulfar da aka ce ta yi kwantai.

Ranar Asabar bayan la'asar Mudassir ya zo zance, cikin shadda ruwan toka da hula zanna, yana ta ƙamshin turaren nan nasa mai sanyi. Ni kuma na sa atamfa mai ganyen kore da mayafi baƙi, na kai masa zoɓo zaure. Bai ko sha ba ya zaro wani tsohon gwangwanin man zafi daga aljihu, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Da ƙyar Inna ta bari na fito da shi," ya ce. "Sai da na ce wurinki zan kawo, sannan ta miƙo. So nake ki ɗauko mani shi yadda kike ɗaukar naki, in wanke hoton babba in rataye mata a ɗaki. Tunda zai bar hannunta, ko hoton ta riƙa gani."

"Sadakin nawa za a ba ni aro tun kafin a ɗaura?"

"Amana dai. In ya ɓace ni da ke sai gudun hijira."

Muka yi dariya. Na karɓa ina jin nauyin gwangwanin har cikin ƙirjina, don ban taɓa riƙe abin da aka daraja haka ba.

Lahadi da hantsi, bayan na gama shara da wanke-wanke, na rufe ƙofar ɗakina na shirya teburi. Na shimfiɗa ɗan ƙyallen karan-miski baƙi, na wanke hannu na goge, na naɗa farar takarda a bakin fitilun don kada haske ya yi ƙyalli ya kashe zane. Na warware farin tsumman da aka naɗe shi, na ɗauko shi ta gefe da yatsu biyu, don ba a taɓa fuskar kuɗi. Da ido kyakkyawa ne. Gefe ɗaya kan wani sarkin Turawa mai gemu, ɗaya gefen mutum bisa doki yana sukar dodo. Na ɗora, na murza har hoto ya fito tar a wayata, ina murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar mahaukaciya.

Murmushin bai kai minti ɗaya ba. Filin da ke bayan kan sarkin, wanda ya kamata ya zama sumul, cike yake da ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Haruffan ba su da kaifi, bakinsu a narke yake. Na ce wa kaina tsufa ne, shekara sittin ba wasa ba. Na tayar da shi a tsaye, na tokare da ɗan guntun roba, na duba gefensa. Ga layin haɗi nan ya zagaye shi, an bi da zarto an goge amma bai ɓace ba. Wannan ba kuɗin bugu ba ne, zubi ne, narka ƙarfe aka yi aka zuba a mazubi. Duk da haka ban yanke ƙauna ba, don akwai na zubin da gwal ne na gaske. Sai na koma kan kafaɗar dokin, inda hannu ya fi shafa. A nan ruwan gwal ɗin ya suɗe, wurin bai fi kan allura ba, jan tagulla yana leƙowa daga ƙasa, har da ɗan kore-kore a bakinsa. Gwal ba ya tsatsa, wannan ko yaron maƙera ya sani.

Na kashe fitila na kunna, na canza kusurwa, na goge gilashin madubin da gefen zanina, na sake dubawa. Abin da na gani yana nan bai gusa ba. Na zauna a bakin katifa ina jin Umma a tsakar gida tana waya da wata ƙawarta tana ba ta labarin sisin gwal karo na ban san adadi ba.

Wayata ta yi ƙara, saƙon Mudassir ne. "Ranki ya daɗe, ina hotunanmu?"

Na rubuta, "Wuta ce babu, caji ya yi ƙasa." Ƙarya ta farko ke nan, wayar tana cike.

"Ba komai. Amma kin gan shi? Ya kika gan shi?"

Na tura masa hoton fuska mai murmushi, na kifa wayar.

Ku fahimce ni, ba kwaɗayin gwal ne ya dame ni ba. Da zoben roba Mudassir zai aure ni da na miƙa yatsa. Amma ni ma na yi Islamiyya, na san sadaki yana da mafi ƙarancin da ba a sauka ƙasa da shi, shi kuwa wannan ko goron ɗaurin aure ba zai saya ba. Kuma wanda zan aura shi yake koyar da wannan babin ga ɗalibai. Mahaifinsa, Malam Ashafa, mutum ne da ko ƙwai aka kawo masa kyauta sai ya tambayi kazar wa ta saka. In na faɗa wa Mudassir, ba ya iya ɓoye wa babansa ko tari. In Malam Ashafa ya ji, gida ya ji, in gida ya ji Kusada ta ji: sadakin uwar malamai tagulla ne, kuma yarinyar da ko shigowa ba ta yi ba ita ta tono.

Bayan azahar na kasa riƙewa, na samu Umma a rumfa tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna kusa da ita na nuna mata hoton. Ta kalla ta ce ita ba ta ga komai ba sai wani abu kamar bayan ƙosai. Na yi mata bayani a hankali. Hannunta ya tsaya cikin shinkafar.

"Wa ya aike ki?"

"Shi ya kawo, Umma. Shi ya ce in ɗauka."

"Hoto ya ce ki ɗauka ko tonon silili? Ulfa, mi na yi maki a duniya? Na Dawuda bai ishe ki ba?" Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. "An buga kati. An kai ɗinki. Na gaya ma duk wanda na sani da wanda ban sani ba. Shekara sittin malamai na kallon abin nan ba su ga aibinshi ba, sai ke da tocilarki?"

"Ido ba ya gani, Umma. Sai an ƙara girman..."

"To kada a ƙara. Abin da Allah ya rufe a bar shi a rufe." Ta ci gaba da tsintar, tana jefar da shinkafa mai kyau tare da tsakuwa ba ta lura ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na gaji, ɗiyar nan. Ki rufa mani asiri in ga ɗakinki kafin in bi babanku."

Na ɗauki farantin na ƙarasa mata tsintar.

Litinin na yini a wurin aiki ina duba jinin mutane, ina rubuta musu gaskiyar abin da na gani, mai zazzaɓi in ce yana da shi, marar shi in ce babu. Mudassir ya turo saƙo uku. Na ƙarshe ya ce, "Shirun nan naki yana ba ni tsoro. Ko dai kin gudu da sadakin ne?" Ina cikin tunanin amsa sai ga kiran Gwaggo Luba. Ta ce Inna Zuliha ta aiko, wai in kawo mata kayanta da hannuna gobe, kada in ba kowa saƙo.

Talata na nemi izini a wurin aiki, na zura doguwar riga ruwan ƙasa da hijabi har ƙasa, na sa gwangwanin a cikin jaka na rungume jakar. Hanyar Kusada gero ya fitar da kai dama da hagu, an yi ruwa da asuba, motar tana ta kaucewa kududdufai. Wata mata kusa da ni tana ta ba ni labarin tsadar taki, ina cewa "ƙwarai kuwa" ban san a kan me ba.

Ɗakin Inna yana can ƙuryar gidan, bayan rumbuna. Gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwalla da langa har kusa da rufi, buzun salla, da warin man zafi da ya kama komai. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ƙaramar tsohuwa fara mai zane baƙi, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce wa Gwaggo Luba, da ta rako ni, ta je ta duba tukunyarta, ta ce ni in saki labule.

Na miƙa mata gwangwanin. Ba ta buɗe ba, ta ajiye shi bisa cinyarta.

"Kin sa shi cikin abin naki?"

"Na sa, Inna."

"To mi kika gani?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. Na shirya ƙarya tun daga mota, amma ta ƙi fitowa.

"Ɗago ki dube ni. Tun ranar da kika zauna nan kina juya anini kamar mai duban ƙwai na san ke za ki gani. Da mai sunan Malam ya ce wurinki zai kai, na so in hana, sai na ce a'a, gara ta gani yanzu da ta gani bayan ta shigo."

"Inna, kin sani?"

"Yo tun ba a haifi uwarki ba."

Ta ja carbinta ɗaya, biyu, sannan ta ba ni labarin da ta ce ko Gwaggo Luba ba ta taɓa ji ba. Shekarar babban fari ne, Malam ya tafi kudu da ɗalibai neman abin da za a ci, ya bar ta da yara uku da goyo, wata ɗiya mai suna Rahamatu. Yarinyar ta kamu da gudawa ta ƙi tsayawa. Inna ta jira ranar kasuwar Kankiya, ta goya ta, ta ɗaure sisin a bakin zane, ta tako a ƙasa tun sanyin safiya, da niyyar ta sayar ta kai ta asibiti ta sayo hatsi. Ta samu wani maƙerin fari, irin masu aikin azurfa da gwal, a rumfarsa. Ya goga shi a dutse, ya ɗiga wani ruwa, ya dube ta ya ce, baiwar Allah, wanda ya sayar ma mijinki wannan bai ji tsoron Allah ba.

"Ya tausaya mani, ya ba ni abin sayen fura," ta ce. "Na juyo gida. Muna wajen wata tsamiya na ji bayana ya yi nauyi, ya yi sanyi. Ban kwance ta ba sai da na iso ɗakin nan."

Hawaye suka zubo mini, ita kuwa idonta a bushe yake ƙaf.

"Da Malam ya dawo ya iske babu Rahamatu, ya ce don mi ban saida sisin ba. Na ce mashi ban iya rabuwa da shi ba. Wata uku bai yi mani magana ba sai gaisuwa. Ya ɗauka na fi son gwal da ɗiyata." Ta shafa murfin gwangwanin da babban yatsa. "Na bar shi a haka. Shekara biyu mutumin nan ya yi yana duƙe cikin audugar mutane. In ce mashi gumin nan tagulla ya saya? In ce mashi da shi ya aure ni? Gara ya ji haushina da ya ji kunyar kanshi. Har ya koma ga Allah yana nuna ma baƙi shi yana alfahari."

"To Inna, me ya sa kika ba Mudassir? Da kin bar shi a ɗaki."

"In na mutu fa? Rabon gado za a yi, su kai shi ga masu awo, a faɗa masu gaban kowa. Amma in ya zama sadakinki, naki ne ke ɗai, ba mai tambayarki shi. Ki jefa shi ƙasan akwati kamar yadda na yi." Ta kamo hannuna, tafinta kamar busasshen ganye. "Ba gwal na ba ki ba, ɗiyata. Ajiya na ba ki. Na duba duk gidan nan ban ga mai iya ɗauka ba."

"Ni fa an san ni da rashin iya shiru."

"Na ji labarin mai taya," ta ce, har ta ɗan murmusa. "Wancan ƙuruciya ce. Ciki ba don tuwo ɗai aka yi shi ba."

Na ce mata akwai maganar shari'a, ko za a ce Mudassir ya ƙara wani abu a kai, ko tunkiya ce. Ta ce in aka ce a ƙara, Ashafa zai tambayi dalili, shi kuwa ba ya sakin tambaya sai ya ga gindinta. Ta ce in na shiga ɗakina, in nemi wata kyauta wurin mijina, in ƙudurta a raina ita ce sadakin, Allah yana ganin zuciya. Ban san ko haka ne a littafi ba, kuma duk wanda zan tambaya a garin nan ɗanta ne ko jikanta ko ɗalibin mijinta. Ba ta sa ni rantsuwa ba. Ta dai riƙe hannuna har sai da na gyaɗa kai.

Na koma gidan Gwaggo na wanke fuska, ta zubo mini dambu na kasa ci. Ana idar da azahar aka ce ana sallama da ni a zaure. Mudassir ne, da littattafai a hammata, zai wuce makaranta. Ya ga idona ya ce ko Inna ce ta sa ni kuka da labarin mutanen da. Na ce eh, wannan kam ba ƙarya ba ce.

Na buɗe wayata na nuna masa hotuna biyu da na ɗauka daga nesa-nesa, da haske mai laushi, inda ramukan ba su fito ba. Sarki da gemunsa, doki da mahayinsa, suna ta walƙiya bisa baƙin karan-miski. Na iya aikina, sun yi kyau ƙwarai. Ya daɗe yana kallo kamar ranar farko.

"Masha Allah. Kin ga hannu." Ya miƙo mini wayar, ya gyara tsayuwa. "To Malama, tambaya ɗaya. Ke da kika ga cikinshi da bayanshi, gwal ne tsantsa ko?"

Da wasa ya yi tambayar, yana murmushi. Ta bayan katanga ina jin tarin Inna. Na tuna Umma da farantin shinkafarta. Na dubi mutumin da bai taɓa yi mini dariya ba, wanda ya so ni saboda ina faɗin abin da na gani.

"Gwal ne," na ce.

"Alhamdu lillahi. Kin hutar da ni tafiya." Ya zaro wayarsa yana latsawa. "Ban gaya maki ba don kada in ɗaga maki hankali. Baba ya ce gobe in kai shi Katsina wurin masu gwal su gwada, wai shi ba ya ɗaura aure bisa abin da bai tabbatar ba, ko da na uwarshi ne. Na ce mashi ga wadda ta fi su ido, kuma kowa ya shaida ba ta rufa ma ƙarfe asiri. Ya ce to in ji daga bakinki."

Kafin in buɗe baki har kiran ya shiga. "Baba, ta duba. Ta ce gwal ne."

Zauren shiru, don haka na ji muryar Malam Ashafa tar daga cikin wayar, a natse, irin ta masu karanta huɗuba.

"To a fasa zuwa Katsinar. Shaidar ɗiyar nan ta ishe ni, da ita zan ɗaura, da ita zan tsaya gaban Allah. Ka ce mata Allah ya yi mata albarka, ya ba ta zuriya masu gaskiya irinta."

Mudassir ya sauke wayar, fuskarsa cike da alfahari da ni, yana jira.

"Baba na sa maki albarka, Ulfa. Ba ki ce amin ba."

Na ja hijabina na rufe bakina, kamar kunyar suruki ce ta kama ni. Ta cikin ƙyallen na ce amin.